Gargaɗin da Aka Rubuta wa Rahinatu

Duk wanda ya saba hawa bas daga Gaya zuwa Dosso ya san muryar Rahinatu kafin ya san fuskarta. 'Yar garin Bana ce, cikin fadamar shinkafa ta taso. Ta yi tallan soyayyen kifi a bakin gadar Malanville har ta kwashe yaren Dendi da Zabarmanci da ɗan Faransanci a kunne. Bakin nan nata ne ya sama mata aikin sayar da tikiti a wani kamfanin sufuri, inda fasinja kan zo yana huci ya tafi yana dariya.

Wata ranar kasuwa layi ya miƙe, sai wata mai tsohon ciki ta durƙushe a gaban tagarta. Rahinatu na leƙowa ta gane naƙuda ce. Ta kulle taga, ta tsayar da taksi, ta raka matar asibiti. Kafin ta dawo bas ya tashi rabinsa wayam, sabon shef ɗinsu, wato shugaban tashar, Mansur kuwa ya rubuta mata takardar gargaɗi: ta bar aiki ba izini.

Ranar ko tuwo ba ta iya ci ba. Shekara da shekaru ba a taɓa ce mata kanzil ba, yau ga tabo a sunanta.

Da safe ta sami Alfari, tsohon direban da ma'aikata suka zaɓa wakilinsu.

"Ƙanwata, an tambaye ki dalili kafin a rubuta?"

"Ko kallona bai yi ba, Yaya."

"To, ba a yi wa mutum aski ba ya nan. Haƙƙinki ne ki mayar da amsa, ki nemi a sake dubawa. Ni kuma ina zaune kusa da ke."

Haka aka yi. Da shugabar kamfanin, Hajiya Latifa, ta zo daga Dosso, aka zauna. Rahinatu ta fara bayani a tsorace, amma labari na yin daɗi ta manta tsoro. Har ta tashi tana kwaikwayon mai taksi yana salati yana kauce wa rami. Hajiya ta yi dariya har da share hawaye.

Mansur ya sosa ƙeya. "Hajiya, ni layi na gani da taga a kulle. Na yi gaggawa."

Aka janye gargaɗin. Sai dai Hajiya ta ce, "Rahinatu, wata rana ki faɗa wa wani kafin ki ruga. Kai kuma Mansur, ka riƙa tambaya."

Ranar suna mijin matar da ta raka asibiti ya zo da kansa ya gayyaci Rahinatu. Da ta nemi izini, Mansur ya miƙa hannu.

"Kawo makullin, Yaya Rahinatu, ni zan zauna."

Ya yini a taga yana gumi da tsofaffin da ba sa jin Hausa. Da la'asar ta dawo masa da ƙullin soyayyen nama, ya cinye a tsaye.