Ƙafafun da Veturia Ba Ta Wanke Ba

Duk ƙauyenmu, a nan tsaunukan arewacin Romaniya, babu wanda ya kai Veturia sanin Littafi Mai Tsarki, har da fasto kuwa, kuma shi ma ya sani. In Fasto Onisim ya kawo aya a wa'azi ya ɗan yi tuntuɓe, sai ka ga idonsa ya zame zuwa ɓangaren mata, benci na biyu, inda tsohuwar take zaune da baƙin ɗankwalinta tana motsa leɓe. Ba ta taɓa gyara masa a gaban jama'a ba. Tari kawai take yi, kuma tarin ya fi gyaran ciwo.

Ba makaranta ce ta ba ta wannan sani ba, don aji huɗu ta yi aka mayar da ita tatsar shanu. Mijinta Gavril ne ya zaunar da ita ya koya mata, a zamanin da gwamnati take farautar littafin. Kiwon zuma yake yi, kuma a ƙarƙashin akwatunan zuman yake ɓoye littattafan da ake tsallako da su daga ƙasar waje. Wata safiya jami'an tsaro suka zo, ko cikin gida ba su leƙa ba, kai tsaye suka nufi akwati na uku. Wata takwas Gavril ya yi a hannunsu. Ya dawo yana fitsarin jini, bai ƙara shekara biyu a duniya ba.

Kowa ya san maƙwabciyarsu Saveta ce ta faɗa. An yi mata barazanar korar ɗanta daga makaranta, ita kuwa ta sha hango Gavril ta saman shinge. Da gwamnatin ta faɗi, Saveta ta tuba, aka yi mata baftisma a rafi, ta miƙe a gaban ikilisiya ta faɗi abin da ta aikata tana kuka. Aka waiwayo wajen Veturia. Ta ce, "Na yafe." Me za ta ce, ga ido ɗari a kanta?

To, mu kuwa a cocinmu, kowace Lahadin farkon wata, bayan Jibin Ubangiji, ana fito da daro da tawul. Maza gefensu, mata gefensu, kowa ya durƙusa ya wanke ƙafafun wanda ke kusa da shi. Ba a zaɓe, wanda zama ya haɗa ku shi ne naka. Sai Veturia ta koyi lissafin benci. Takan tsaya a ƙofa kamar mai gyara ɗankwali har ta ga inda Saveta ta zauna, sannan ta bar mata uku ko huɗu a tsakani. Rana ɗaya lissafin ya kwaɓe, wata ta tashi fitar da jariri, sai Veturia ta tuna wai ta bar saniya ba a ɗaure ba. Haka aka yi shekara talatin, mu ma duk muna gani, ba wanda ya ce uffan.

Kowace Alhamis da la'asar mata sukan taru a kicin ɗinta nazarin Littafi, ga tuwon masara da cuku a tsakiyar tebur. Saveta ba ta fashi. A bakin ƙofa take zama, kuma bakinta bai mutu ba.

"Malama Veturia, wannan Yunusan ai ɗan garinmu ne. An yafe wa mutane, shi kuma ya koma gefe yana kumburi."

"Ke dai ci tuwonki," in ji Veturia, "tun kafin ya huce ya yi tauri irin kanki."

Mata su kwashe da dariya. Veturia takan zuba wa Saveta cuku fiye da na kowa, amma ba ta taɓa yarda hannunsu ya haɗu a kan kwano ba.

Kada wani ya ɗauka munafuka ce. Abin yana cinta ƙwarai. Ta yi imani cewa karatu zai narkar da abin da ke ƙirjinta, shi ya sa duk farkon shekara take komawa shafin farko. Ta daina gulma, ta daina faɗan iyakar gona, ta koyi haƙuri da surukarta, wanda ba ƙaramin aiki ba ne. Amma duk sa'ad da ta iso wurin da Yesu ya ɗaura tawul ya durƙusa gaban almajiransa, sai ta tuna cewa wanda zai bashe shi ma yana cikin layin, kuma ba a tsallake shi ba. Sai ta rufe littafin ta fita ba kaji masara.

Ta taɓa kai kukanta wajen fasto, wanda a gabanta aka haife shi.

"Onisim, kaina ya cika, zuciyata ko motsi. Na yi azumi, na yi addu'a. Da na hango ƙafafun Saveta sai in ga su ne suka taka har ofishin jami'an tsaron nan."

Ya sosa ƙeya. "Inna, ni me zan gaya miki da ba ki haddace ba? Ko hannun zai fara ne, zuciyar ta biyo baya?"

"Hannun ma ai ba ya jin maganata."

A hunturun bara Saveta ta daina zuwa. Ciwon suga ya tsananta, 'yarta Dorina ta tafi da ita asibitin birni. Veturia ta ji sanyi a ranta, ta kuma ji kunyar sanyin. Wata huɗu tana shiga coci ta zauna inda ta ga dama. Ana yi wa Saveta addu'a, ana cewa an yi mata aiki, amma Veturia ba ta tambayi wane iri ba, mutane kuwa sun daɗe da daina kawo mata labarin Saveta.

Da ƙanƙara ta narke aka dawo da marar lafiyar gida. Ran Lahadin farkon wata, Veturia ta wanke ƙafafun wata amarya a coci, tana ta kallon gurbin da Saveta ta saba zama. Ba wani haske da ya sauko mata, zuciyar tana nan yadda take. Tsoro ne kawai ya kama ta, kada ɗayarsu ta mutu a haka. Tana komawa gida ta ɗora ruwa a wuta, ta ɗauki ruwan da daro da tawul, ta buɗe ƙofar shingen da rabonta da ita tun Gavril yana raye.

Dorina ta tarbe ta, ta kalli daron.

"Goggo... shiga mana. Bari in je kanti in dawo."

Saveta tana kan keken guragu kusa da murhu, an rufe ta da bargo tun daga ƙugu. Ta rame sosai.

"A'a! Yau malama ce da kanta? Ko saniyar ce ta ɓato nan?"

"Rufe mini baki kafin in fasa."

Veturia ta ajiye daron, ta juye ruwan, ta dafa kujera ta durƙusa da ƙyar, gwiwoyinta suna ƙara. Ta ɗage bargon. Daga gwiwa zuwa ƙasa babu komai, sai ƙafafun wando biyu da aka naɗe aka maƙale da fil.

Ta daɗe riƙe da bakin bargon.

"Ba su gaya miki ba ke nan," in ji Saveta a hankali. "Ɗaya a Janairu, ɗaya a Maris." Ta ɗan yi dariya, dariyar ta tsinke. "Kin san duk Asabar ɗin da gobe za a yi Jibi nakan jiƙa su, in yanke farce, in goge kaushi da dutse? Cewa nake, wa ya sani, ko gobe lissafin Veturia zai kuskure. Kada ki tarar da su da datti."

Veturia ta nemi aya, ko guda ɗaya, ta rasa. Kuka ya ƙwace mata, irin wanda ba ta yi ba ko ranar da aka binne Gavril. Ta yunƙura za ta tashi, gwiwoyin suka ƙi. Saveta ta miƙo hannu biyu ta kama nata ta ja, keken ya gangaro gaba ya bugi daron, ruwa ya fallatsa a ƙasa.

"Bari kawai," in ji Saveta, ba ta saki hannun ba. "Ni ba na iya ɗaga ki. Sai Dorina ta dawo."