Farin Dutsen Gonar Kakanmu

Rannan a bakin titi a Zariya wata mota ta gifta ni, ba ƙugi ba hayaƙi, sai ƙarar taya kawai. Mai shagon da nake tsaye a gabansa ya ce ta lantarki ce, caji ake mata kamar waya. Mutane suna ta sha'awa, ni kuwa gonar kakanmu ce ta faɗo mini a rai.

Gonar tana bayan ƙauyenmu, can wajen Saulawa, a gindin tsauni. Idan ka taɓa cin gasasshiyar masara a bakin gona ana yayyafi, ka san irin daɗin da na tashi a ciki. Akwai wasu fararen duwatsu masu ƙyalli da garma kan tono. Mu 'yan mata mukan tsince su mu yi carafke a inuwar ɗorawa, kakanmu kuwa yana ta mita, wai suna dakushe masa fartanya.

Mahaifinmu ya riga shi rasuwa. Da ciwon ajali ya kwantar da tsohon, ya kama hannun baffanmu ya ce, "Ga marayun ƙaninka nan. Gonar nan ita ce abincinsu." Baffa har da hawaye, ya ce ya karɓi amana.

Shekarun baya wasu baƙi suka zo da injina. Wai kamfanonin mota na ƙasashen waje suna rige-rigen fito da motocin lantarki, kuma da farin dutsen nan na gonarmu ake yin batirinsu. Baffa ya miƙa musu gonar bai shawarci kowa ba. Innarmu a bakin makiyaya ta ji. Da ta je ta durƙusa ta tambaye shi, sai ya ce, "Ki kwantar da hankalinki, arziki ne ya same mu har gida. Har wuta za su jawo mana."

Ba a jima ba suka ce dutsen ba shi da kyau, suka kwashe kayansu. Ɗorawar sun sare ta. Ramukan da suka bari ruwa ya cika su, har saniyar maƙwabcinmu ta faɗa ta mutu. Wuta ba ta zo ba. Har yau wurin mai janareto ake kai waya caji. Ƙannena maza suna ƙodago a gonakin rake na Makarfi.

Yanzu baffa ya tsufa, idanunsa sun tafi. Duk sallah ina zuwa in durƙusa in gaishe shi, ya sa mini albarka, in ce amin. Bai taɓa ta da maganar ba, ni ma haka. Amma ni kaɗai nake zuwa, ban taɓa kai masa 'ya'yana ba.