Malam Isyaku da Littafi na Tara

Kullum bayan sallar asuba, kafin masu shayi su gama hura wuta, Malam Isyaku ya riga ya buɗe 'yar rumfarsa ta kwano a Gyaɗi-Gyaɗi. Sai ya yayyafa ruwa, ya share, ya ɗaura igiya, ya rataye littattafansa kamar mai shanya. Asalin sana'arsa rubuta allon shaguna ce. Amma tun shekarar da sojoji suka miƙa mulki ya fara tsinto littattafan zane a wajen 'yan gwanjo, irin waɗanda aka ciro daga katun ɗin Japan na talabijin, masu mutane da dara-daran idanu da gashi tsaitsaye kamar tsintsiya. Yaran Tarauni da Darmanawa suka mai da bencinsa wurin zama. Wanda Turanci ya gagara, Malam ya fassara masa, har da kwaikwayon murya. Dattawa sun sha yi masa tsiya: "Haba Isyaku, da furfurarka?" Shi dai dariya kawai yake yi.

Cikin yaran akwai Zulaihat, 'yar shekara goma sha ɗaya, mai ciwon sikila. Ta kamu da labarin wata jaruma mai takobi, ta karanta littafi na ɗaya har na takwas. A ƙarshen na takwas an sari jarumar, ta faɗi cikin dusar ƙanƙara. Na tara kuwa, babu shi babu dalilinsa. Malam ya zaga Sabon Gari har takalminsa ya tsinke, bai samu ba.

Ana cikin haka ciwo ya tashi, aka kwantar da yarinyar a asibiti. Ranar nan sai ga mahaifiyarta, Indo, a bakin rumfa, ido jajir.

"Malam, yarinyar nan ta rufe bakinta. Kwana uku ko kunu ta ƙi sha. Likita ya ce in ba ta ci ba jikinta ba zai ɗauki magani ba. Wai ita da yarinyar littafin duk ɗaya ne, babu mai tashi."

Wallahi maganar ta soke shi. Ya ture allon wani mai kemis da yake rubutawa, ya sayo littafin rubutu na 'yan makaranta da fensir, ya duƙufa yana zane har la'asar sakaliya. Washegari da hantsi yana gefen gadonta.

"Ga na tara. Amma shafi huɗu-huɗu zai riƙa zuwa."

Ta karɓa da ƙyar. A ciki wata tsohuwa ta tsinci jarumar, ta goya ta zuwa bukka, ta miƙa mata ƙwarya da ludayi. Zulaihat ta ƙura wa zanen ido, ta ɗago ta harare shi.

"Baba Isyaku, tun yaushe mutanen Japan suka fara shan kunun tsamiya?"

"Tun da yunwa ta kama su mana. Ita dai ta sha ludayi uku. Ke fa?"

Ai fa sai ta sha huɗu, don kar a fi ta! Indo ta juya baya tana share hawaye da gefen mayafi. Kwana goma sha tara mutumin nan yana zarya, masu shaguna suna ta mitar allunansu, ko a jikinsa. Jaruma ta tashi zaune, ta dafa bango, ta taka. Ranar da ta sake ɗaukar takobinta, ranar aka sallami Zulaihat.

Kai ne wannan, Malam Isyaku, na Zulaihat mai fensir! Ba ka taɓa sanya farar riga ba, ba a taɓa kiran sunanka a rediyo ba, amma ma'aikatan jinya na ɗakin nan har yau suna ba da labarinka.

Yanzu ido ya yi rauni, a watan nan zai rufe rumfar. Makon jiya Zulaihat ta zo gaishe shi. Ta girma, ita ma ma'aikaciyar jinya ce a ɗakin yara. Ta durƙusa, ta fito da wayarta.

"Baba, na samo na tara na ainihi. Ka san yadda ta ƙare? Ba ta tashi ba. A cikin ƙanƙarar nan ta mutu, tun a shafi na shida."

Malam ya daɗe yana murza hularsa a gwiwa. Can ya ce, "Ikon Allah. Ni kuwa na yi ta jin haushin rashin samunsa."

"Da ka same shi, Baba, ai da shi za ka kawo mini."



Mun gode, Malam. Allah ya saka maka da mafificin alheri, ya sa ka gama lafiya. Mu kuma da muke da sauran ido da hannu, mu sani yau ma akwai yaron da yake kwance a wani gado, ya riga ya fid da rai. Kada mu zauna jiran a kawo mana ƙarshen labarinsa daga wata ƙasa.