Shaidun 'Yardada

A Mandawari har yanzu ana kwatance da gidan 'Yardada mai alkaki, duk da bara ta rasu. Ba ta taɓa haihuwa ba. Abin da ta mallaka ɗaki ne ciki da rumfa a gidan mahaifinta, rabonta na gado. Sai Jamila, wadda ta riƙe tun tana tsumman goyo bayan uwarta ta rasu. Jamila ta yi aure, mijin ya mutu, ta dawo da yara.

Ita ma 'Yardada riƙonta aka yi, a unguwar Sheshe. Ta sha ba da labarin yadda, bayan sadakar bakwai ta matar da ta raine ta, ta tarar da akwatinta a zaure. Ba wanda ya yi mata faɗa. Cewa kawai aka yi 'yar riƙo ba ta gado. Maƙwabta sun ce har ta tsufa, in ta ga an ajiye kaya a zaure sai ta tsaya ta tambayi na waye.

Magadanta 'ya'yan ƙanenta ne, kuma babbansu Salisu ya daɗe yana zancen sayar da gidan. Don haka ta yi wasiyya cewa ɗakin na Jamila ne. Ta ƙi a rubuta, ta ce gara tana cin takarda. Dattawa biyu ta kira, waɗanda suka yi allo tare, don duk wanda bai yi furfura ba yaro ne a wurinta.

Kafin damina ta zagayo duka biyun sun rasu. Ta kira wasu biyu. Ɗaya ya bi su, ɗayan ya ruɗe har ba ya gane 'ya'yansa. Magana ta fara yawo a lungu cewa duk wanda ya yi mata shaida ba ya daɗewa. Da ta aika wa Umair tela, sai ya leƙo ta ƙofar rumfa yana dariya, amma bai cire takalmi ba.

"Iya, ki yi haƙuri, ni ban gama shiri ba tukuna."

Jamila ta ce a lokacin tsohuwar takan zauna kan darduma tana kiran sunayen shaidun ɗaya bayan ɗaya, tana tambayarsu wa suka bar wa maganar.

Malam Ɗahiru, limamin masallacin unguwar, shi ya zo da kansa. Ya gaya mata ko da shaidun suna raye, wasiyya ba ta wuce sulusi, ga shi ɗakin ne dukan abin da take da shi. Hanya ɗaya ita ce kyauta tun tana da rai, kuma sai ta fita ta bar wa Jamila ɗakin a gaban mutane.

"To ni in koma ina, Malam?"

Da kanta ta dubi ɗan ɗakin gefen madafa, inda take ajiye tukwanen alkaki.

Ranar Juma'a bayan la'asar ta sa aka fito da gadonta, da kwallayenta, da akwatin nan na Sheshe. Ta hana Jamila taɓa komai. Ta tsaya kan sai an fara ajiye kayan a zaure, kowa ya gani, har da Salisu. A ɗakin tukwanen ta yi sauran watanninta, a can ta cika.

Da magada suka zauna, ba wanda ya tada zancen ɗakin. Jamila da yaranta suna ciki. Akwatin kuwa yana ɗakin tukwane. Salisu bai zo ɗauka ba, Jamila kuma ta ce ba za ta iya fito da shi zaure ba.