Bel ɗin Uba da Randar Goggo Fatsuma

Uba direba ba ya tayar da mota sai ya bugi kaya da tafin hannu sau biyu, ya ce, "Ko Legas ne." Ba a taɓa jin ya wuce Kaduna ba.

Mutumin Dogarawa ne. Da dako ya fara a kasuwar Sabon Gari, ya koma karen mota, daga baya wani ɗan kasuwa ya damƙa masa akori-kura yana jigila zuwa Samaru: masara, kwanon rufi, katifun ɗalibai. Shekara shida yana ɗauri da igiyar rama kamar kowa, kayan kowa bai faɗi ba. Sai a shekarar saba'in da bakwai Dele makanike ya kawo masa tsarabar wani faffaɗan bel mai hannun ƙarfe. In ka ɗaga hannun ka sauke, sai ya yi ƙat, ya ƙara matsewa.

Daga ranar gaisuwar Uba da masu igiya ta gajarta. Ko buhu ɗaya ne sai an ɗaura masa bel, kuma ba a ɗaurawa sai inda jama'a suka taru.

Ana nan Goggo Fatsuma ta tashi ƙaura daga Muchia zuwa gidan ɗanta a Samaru. Kayanta ba yawa, tabarma da akwatin ƙarfe, sai randa. Mahaifiyarta ce ta gina randar da hannunta, kuma randar kaɗai ta rage mata daga gidansu.

"Ɗan nan," in ji ta, "ka aza ta kan gammo, ka cusa ciyawa, ka ɗaure da rama. Rama tana da sassauci."

"Goggo, wannan ɗaurin zamaninku ne. Koma inuwa ki sha kallo."

Ya zagaye cikin randar da bel, ya sarƙe ƙugiyoyinsa biyu, ya ɗaure jelar a ƙarfen bayan mota. Ƙat, ƙat, ƙat. A na huɗu randa ta zauna daram. To amma maƙwabta sun fito, har da masu leƙe ta kan katanga. Ya ƙara na biyar saboda su. A na shida aka ji wata 'yar ƙara, siririya, wadda ba ta ƙarfe ba ce. Uba ya yi tari.

Ranar ce kaɗai masu keke suka riƙa wuce shi a hanyar Samaru.

Da suka isa, ya kai hannu zai saki ƙarfen, sai ya ga tsaga biyu kamar zare, daga bakin randar har gindinta. Ya janye hannunsa. Bel ɗin da ya fasa ta shi ne yanzu yake riƙe da ita. Ya kwance jelar kawai, ya rungumo randar da ɗamararta, ya ajiye a gindin mangwaro.

"Kwance abinka mana," in ji Goggo.

"Ai sai ta huta, Goggo. Haka ƙa'idarsa take. Gobe zan zo in sassauta."

Ta dubi randar, ta daɗe. Sannan ta dube shi.

"Allah Ya kai mu goben."

Ba ta zuba mata ruwa ba, ba ta kuma ce wa kowa komai ba. Ta sa aka sayo mata tulu.

Uba ya koma igiyar rama ba tare da sanarwa ba. In 'yan tasha suka tambaye shi ina bel, sai ya gyara hula ya ce, "Yana wani aiki a Samaru." Ya ci gaba da shiga Samaru sau uku a rana, sai dai akwai lungu ɗaya da ya ce ramukansa suna cin taya.

Damina biyu ta wuce a kan randar, ƙarfen ya yi tsatsa, gizo-gizo ya yi saƙa a bakinta. Goggo takan share gindinta kowace safiya. Uba bai zo ya sassauta ba.