Jan Layin da Na Zagaye Lambarta da Shi

Wata rana na zauna kallon wani shirin aljanu mai dogon zango a talabijin. Ni kuwa kun san halina, ba tsoro nake nema ba, kuskure nake farauta.

Kuma na samu.

Aljana ta fito daga rijiya, rigarta a bushe ƙayau, har da karin guga. An ce ta shekara ɗari a ciki, ga agogo a hannunta.

Sai aka hasko katangar gidan aljanun. A jiki an rubuta da fenti: ANA RAINON YARA, ga lambar waya a ƙasa. Masu shirin sun manta ba su rufe ba.

Na yi dariya har da hawaye. Na ɗauki hoto, na zagaye rubutun da jan layi, na ɗora a shafina.

Kwana uku ana yaɗawa, ni ina ta jin kaina.

Sai wani ya rubuto cewa ya kira lambar da muryar aljani, wata mata ta ɗauka. Wani ya ce shi ma. Na ƙirga har mutum sha tara.

Ashe lambar mai rai ce.

Na goge hoton, na kasa cin abinci. Sau biyu ina danna lambar ina fasawa. A na uku ta ɗauka.

"In aljanun za ka tambaya, babu su."

Na ce ni ne na ɗora hoton, na yi ta ba da haƙuri.

Sai ta ce yara goma sha ɗaya iyaye ke kawo mata kafin su wuce aiki, yanzu saura biyu. Ba wanda ya ce mata ya yarda akwai aljanu. Kowa cewa yake, da ɗansa dai ba zai gwada ba.

"Masu fim ƙiftawar ido suka nuna gidana, ɗana. Kai ne ka tsayar da shi."

Na ce ai na goge.

"A wayarka," in ji ta.

Har yau in waya ta yi ƙara sai na tuna da ita.

Darasi: kafin ka nuna wa duniya kuskuren wani, duba ko akwai wanda ke zaune a bayan katangar.

Kun taya ni yaɗa hoton. Don Allah ku taya ni yaɗa wannan, ko zai kai ga iyaye tara.