Tsarabar da Ta Riga Ni Zuwa Maradi

Malam Edita, a shekarun da zan ba ka labarinsu ni ɗan tebur ne a unguwar Harlem, can Amurka. Ina sayar da huluna da gyale da tabarau da rigunan waya, lokacin da wayoyin shafawa suka cika gari kowa yana neman abin da zai sa wa tasa. Mutumin Maradi ne ni, jikan 'yan kasuwa, kuma ina ji da kaina ba kaɗan ba. Ban yi nisa a makaranta ba, Turancina bai wuce na ciniki ba, amma in dai saye da sayarwa ne, gani nake ba a haifi wanda zai cuce ni ba. Shekarata bakwai rabona da gida. Ina da mata da 'ya ɗaya 'yar shekara shida wadda na sa wa sunan mahaifiyata, kuma Inna ba ta taɓa ganin takwarar tata ba sai a wani hoto na ranar suna.

Wani Bakano direban tasi da muke masallaci ɗaya shi ya sa na karɓi katin bashi na banki. Da farko na ƙi saboda tsoron kuɗin ruwa, sai da limaminmu ya ce in har zan riƙa biya kafin wa'adi ya cika, ruwa bai hau ba, shi bai ga laifi ba. Haka kuwa na yi. Duk sarin da zan yi a can cikin gari da katin nake yi, ƙarshen wata in biya tas. 'Yan uwa masu tebur da ba su da kati su ma sukan ba ni kuɗi a hannu in saro musu da nawa. Sai na riƙa ganin wata lamba a ƙasan takardar da banki ke aiko mini, kullum tana ƙaruwa. Bakanon ya ce maki ne, kyauta ce da banki ke ba ni a kan kowace dala da na kashe, kamar gyaran da mai awo ke yi maka in ka sayi hatsi da yawa. Na ce to, gyara kam na san ta. Shekara huɗu ban taɓa su ba, har suka haura dubu ɗari biyu, ni dai in leƙa in ji daɗi in rufe takarda.

Wata safiya a ƙarshen hunturu, ina tsaye ina kakkaɓe ƙanƙara daga kan leda, ƙanwata ta kira ni daga gida. Ta ce sun kai Inna wajen likitan ido, ya ce ba yana ba ce da za a kankare, hawan jinin ido ne. Na hagu ya riga ya tafi, na dama ne ya rage, shi ma yana tsukewa a hankali. Maganin ɗigawa zai ja lokaci amma ba zai dawo da abin da ya wuce ba. Sannan ta ba Inna wayar. Inna ba ta yi mini maganar ciwo ba ko kaɗan, ba halinta ba ne. Ta tambayi sanyi, ta tambayi kasuwa, sai a ƙarshe ta ce in da hali in kawo mata takwararta ta gan ta tun da sauran haske. Na ce in Allah ya yarda da an ba yara hutun bazara muna hanya. Wallahi da zuciya ɗaya na faɗa.

To amma hunturu ya cinye ɗan abin da na tara, don wata uku ana sanyi ba mai tsayawa gaban tebur. Kuɗin tikiti biyu zuwa Yamai ba su hannuna. Bakanon nan ne ya tuna mini da makin, ya ce ai mutane da shi suke hawa jirgi. Na koma gida na zauna da uwargida, ita ta fi ni karatu, muka buɗe shafin bankin a waya. Nan kaina ya fara ɗaurewa. Ƙofa uku muka gani: ko a mayar maka da makin kuɗi, ko ka zaɓi kaya daga wani dogon jeri mai hotuna, ko tafiya. A ƙarƙashin tafiyar ma akwai wasu ƙofofin, ɗaya ta saye kai tsaye, ɗaya ta tura makin zuwa kamfanin jirgi. Kowace ƙofa da nata farashin, alhali makin iri ɗaya ne. Yau mu duba tikiti mu ga yana neman maki kaza, gobe mu duba ya kusa ninkawa, jibi ya ce babu kujera. Na ce wa uwargida wannan wane irin mudu ne da yake girma da safe ya tsuke da yamma? Ita ma ta yi tagumi, ta ce ita fa ba ta gane ba.

Na kira lambar da ke bayan katin. Wata mata ta ɗauka, mai fara'a kuwa, tana magana da sauri kamar ana korar ta. Abin da na iya tsinta shi ne, in na tura makin zuwa kamfanin jirgi zai fi daraja, amma da zarar na tura ba ya dawowa, kuma ita ba za ta iya yi mini alkawarin kujera ba. Kai! A ce in saki abin da ke hannuna, ba a ba ni kaya ba, ba a ba ni alkawari ba? Sai ɗan kasuwan da ke cikina ya motsa. Na fara ciniki da ita, ina cewa ta rage mini, ni tsohon abokin cinikinsu ne, shekara huɗu ban taɓa makara ba. Har na yi abin da muke yi a kasuwa, na ce to shi ke nan bari in tafi, ina jiran ta kira ni ta ce in kawo. Baiwar Allah ta yi mini fatan alheri ta kashe waya. Na daɗe ina kallon wayar.

Ranar Juma'a na kai maganar ƙofar masallaci, ashe ƙarin ruɗani na je nema. Wannan ya ce in karɓi kuɗi kawai in huta. Wancan ya ce ɗan wansa ya tura nasa ga kamfanin jirgi suka bi iska. Wani ya rantse cewa banki na iya share makin duk ranar da ya ga dama, in yi sauri in kwashe. Bakanon da ya sa ni a hanya, da na matsa masa, sai ya sosa ƙeya ya ce shi ma fa ji yake yi, makin nasa katin man fetur yake saya da shi. Na tashi daga wurin kaina ya fi yadda na zo da shi zafi.

A makon ne muka zauna rubuta sunayen masu tsaraba. Wanda ya san mu ya san wannan: ba a shekara bakwai a Amurka a sauka Maradi hannu biyu. Kawunnai, gwaggonni, surukai, maƙwabta, abokan ƙuruciya, malamin da ya koya mini allo, har matar da ke taya Inna wanki. Takarda ta cika muka juya baya. Ina kallon sunayen, sai hotunan kayan nan na shafin banki suka faɗo mini a rai. Injin markaɗe, dutsen guga, butar lantarki, agogon hannu, abin dafa shinkafa. Ga abu a fili, ga hotonsa, ga farashinsa ba ya motsi, kuma har ƙofar gida za a kawo. Na ce ai shi ke nan, na gano bakin zaren. Makin ya sayi tsaraba, cinikin farkon bazara ya sayi tikiti. Uwargida ta ce ita hankalinta bai kwanta ba, me zai hana mu fara da tikitin tunda shi Inna ta roƙa. Na ce mata ta bar wa maza harkar kasuwa. Wannan maganar har yau in na tuna ta kunya ce ke rufe ni. A zama ɗaya na kwashe makin shekara huɗu ƙaf, ina ta murna ina ganin na ci banki.

Kwalaye suka yi ta zuwa har ɗakinmu ya koma kamar shago. Na buɗe kowanne na gwada, na rubuta sunan mai shi a jiki da alƙalami mai kauri. Bayan kamar wata ɗaya da rabi na hau jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa unguwar Tremont, wajen wata Hajiya 'yar Zangon Kumasi mai shagon yankan tikiti da aika kaya gida, don in ji kuɗin kwantena. Ina ba ta labari da alfahari. Ta ajiye biron hannunta ta tambaye ni maki nawa ne, na faɗa. Ta sa na nuna mata jerin kayan. Ta yi salati ta tafa hannu, ta ce Alhaji wa ya yi maka wannan aiki? Na ce ni ne. Ta ce duk kayan nan da zan bi kantuna da kuɗi a hannu ba su kai kuɗin tikiti ɗaya ba, alhali makin nan da na zo wurinta a lokacin, da ta nemo kujerun tun da wuri kafin ta tura shi, da ya kai ni da 'yata Yamai ya dawo da mu, haraji kawai zan biya. Ta ce a jerin kaya ne maki ya fi arha, shi ya sa suke ƙawata shi da hotuna. Har ga Allah ko a lokacin ban gane yadda abu ɗaya zai yi daraja biyu ba, na dai gane cewa na tafka asara.

Na kira banki ina roƙon su karɓi kayansu su mayar mini da makina. Aka ce wa'adin mayarwa ya wuce, ga shi na buɗe kwalaye na yi musu rubutu. Na ce ba komai, bazara na nan. Bazarar da na dogara da ita kuwa ta zo mini a karkace. Aka fara gyaran ginin da ke bayan teburina, aka kafa ƙarafa aka toshe gefen titin, dole na koma wata kusurwa da ba mutane. Tikiti kuma lokacin hutu ya yi tashin da ba a magana. Na haɗa abin da na samu, bai kai na mutum biyu ba. In tafi ni kaɗai, ai ba ni kaɗai Inna ta roƙa ba. Sai na ɗauki wani abu daga ciki na biya kwantena, wai ko kayan sa riƙe mini mutunci kafin in zo, na kira Inna na ce ta ƙara haƙuri zuwa bayan hunturu. Ta ce Allah ya kai mu.

Kayan suka isa kafin ni da wata huɗu. Ƙanwata ta raba kamar yadda na rubuta. Ba a yi sati ba ta kira ni tana dariya tana jin haushi, wai injin markaɗen gwaggo ya yi ƙara ya tashi da hayaƙi, butar kawu ta ƙone tun ranar farko. Ashe wutar gida ta ninka ta Amurka ƙarfi, kayan nan ba don can aka ƙera su ba. Ni da na shekara bakwai ina jona kaya a bango ban taɓa tunanin wannan ba. Agogunan ne kawai suka tsira.

Sai a farkon shekarar da ta biyo baya muka sauka Yamai, muka kwana, muka hau mota zuwa Maradi. Mun tarar da Inna zaune a kan tabarma a inuwar ɗakinta. Da ta ji sallamata ta juyo, amma ta juyo ɗan gefe da inda nake. Ƙanwata ta raɗa mini cewa tun bayan damina na daman ma ya rufe, Inna ce ta hana a gaya mini don kada hankalina ya tashi a ƙasar mutane. Na tura yarinyar gabanta. Inna ta kamo ta, ta bi fuskarta da hannu biyu, goshi, hanci, kunne, har kitson kanta. Yarinyar tana jin Hausa amma da Turanci take amsawa, sai ta tsaya tana kallon kakarta. Inna ta tambaye ni wa ta ɗebo a hasken fata, ni ko uwarta, kuma da gaske ne tana da wushirya irin tata kamar yadda ake faɗa? Na buɗe baki in amsa, kuka ya ƙwace mini a gaban mata da yara. Daga baya, da na zauna ina ba ta labarin maki da tsaraba, ban tabbata ta fahimci ko rabinsa ba, don ni ma mai ba da labarin ban gama fahimta ba. Ta dai saurara har na ƙare, sannan ta ce ita ba ta tuna ta aike ni butar shayi ba.

Malam Edita, ban rubuto don in zagi banki ba. Matar nan ta waya ta gaya mini gaskiya, ni ne ban gane ba, kuma girman kai ya hana ni cewa ban gane ba. Na je na tambayi mutanen da su ma ba su sani ba, na bar wadda sana'arta ke nan tana zaune tasha kaɗan daga gidana, na kuma take shawarar matata. Har yau ban iya lissafin makin nan ba, amma na san abu biyu. Duk mai irin katin nan, kada ya taɓa makinsa sai ya sami wanda ya san kan abin ya auna masa kowace ƙofa, kuma ya yi hattara da jerin kaya masu hotuna. Na biyun ya fi na farko nauyi, kuma ga 'yan uwana da ke ƙasashen waje nake faɗa. Muna jin kunyar zuwa gida ba tsaraba har mu ɗage tafiya shekara bayan shekara, muna zaton mutanenmu za su tsaya yadda muka bar su. In tsohuwarka ta ce ka zo, ka yanki tikiti tukuna, ko da jaka ɗaya ce ka tafi, masu tsaraba su yi gunaguninsu na kwana biyu su manta. Ni na biya wa mutum arba'in buƙatar da ba su roƙe ni ba. Mutum ɗaya ce ta roƙe ni abu, kuma na kai mata shi a makare.